Harsashi Maraya: Dalilin Tsadar .41 Magnum a Amurka

A yawancin jihohin Amurka, baligi kan shiga shagon kayan farauta ya sayi harsashi kamar yadda zai sayi kowace haja. Mai karatu a Najeriya zai ji abin banbaraƙwai, tunda dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin waɗanda aka hana farar hula riƙewa sai da izini na musamman, amma a can haka kasuwar take. Kantar harsasan ƙananan bindigogi a irin waɗannan shaguna kusan tsarinta ɗaya ne daga Teksas har Montana. Harsashin 9mm ne ke cin fili mafi girma, kwali kan kwali, na kamfanoni barkatai. Sai .38 Special da .357 Magnum da .45 ACP, sai .44 Magnum a gefe. Wanda kuwa ya zo neman .41 Magnum, sai ya sunkuya ya duba can ƙasa, kuma sau da yawa ya tarar wayam. In ya taki sa'a, kwali ɗaya ne ko biyu, galibi mai harsashi 20 maimakon 50, kuma kuɗin kowane ɗaya ya ninka na 9mm sau uku ko fiye. Masu irin wannan bindiga sun daɗe suna kokawa, wasu na zargin kamfanoni da haɗama, wasu na zargin dillalai da ɓoye kaya. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai abin da ya tsamar da wannan ruwan ya girmi yawancin masu kukan.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa ta kawo sabon harsashi saitin bututu kafin kowane harbi. Lambobin nan, .357 da .41 da .44, awon kaurin ƙwayar harsashin ne a ma'aunin inci. Ƙwayar .41 kaurinta .410 ne, ta .44 kuma a zahiri .429 ce, ke nan tazarar da ke tsakaninsu ba ta cika rabin milimita ba. Kayan haɗinsu ma ɗaya ne: kwanson tagulla, ƙwayar dalma wadda akan lulluɓe da jan ƙarfe, albarushi, da 'yar ƙyastun da ke gindin kwanso mai tayar da wuta idan kunama ta buge ta. Ƙwayar .41 da aka saba da ita ta ɗan fi ta .44 rashin nauyi, don haka da a ce kuɗin ƙarfe ne ke yanke farashi, da .41 ne zai fi araha. Ba haka abin yake ba, kuma a nan hujjar wannan rubutu take. Farashin harsashi yana bin yawan mutanen da ke harba irinsa, musamman ma idan akwai babban mai saye, kamar 'yan sanda ko soja, da ke ɗaukar miliyoyi a kowace shekara. Harsashin .41 Magnum ya nemi wannan mai sayen tun ranar haihuwarsa, ya rasa shi cikin 'yan shekaru, kuma kuɗin wannan rashin ne masu shi ke biya a bakin kanta har yau.

A farkon shekarun 1960, kusan duk ɗan sandan Amurka libarba mai .38 Special yake ratayawa, da ƙwayar dalma mai kumburarren kai wadda aka sha kuka da ita cewa ba ta tsayar da mai kai hari da sauri. Akwai .357 Magnum tun 1935, akwai .44 Magnum tun tsakiyar shekarun 1950, amma na farkon ƙwayarsa ƙarama ce, na biyun kuma shurinsa ya fi ƙarfin hannun yawancin mutane. Mutum uku masu faɗa a ji a harkar bindiga suka ga akwai gurbi a tsakani. Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci daga jihar Idaho, wanda dama da hannunsa a haihuwar .357 da .44, Bill Jordan, jami'in sintirin kan iyaka, da Skeeter Skelton, wanda ya yi aikin tsaro kafin ya koma rubutu. Abin da suka nema ya fito fili. Suna son harsashi mai kaurin .41 iri biyu: ɗaya mai ƙarfi don farauta, ɗaya mai sauƙi don 'yan sanda, wanda ƙwayarsa za ta riƙa gudun kimanin ƙafa 900 a sakan guda. Dabarar ita ce kaurin ƙwaya ya yi aikin da gudu ke yi, ta yadda jami'i mai matsakaicin horo zai iya harbi na biyu ba tare da bindigar ta ƙwace masa ba. Tunani ne mai kan gado, kuma waɗanda suka yi shi sun san aikin da hannunsu.

A 1964 kamfanin Remington ya fitar da harsashin, Smith & Wesson kuma ya fitar da bindigogi biyu: Model 57 mai ƙyalli don mafarauta, da Model 58 marar ado don 'yan sanda. Sai dai abin da ya fito daga masana'anta ba shi ne abin da su Keith suka roƙa ba. Zamanin ne da kalmar Magnum ke sayar da kaya, don haka aka cika wa harsashin albarushi. Na farauta aka tallata shi da gudun ƙafa 1,500 a sakan, wanda aka ce na 'yan sanda ne kuma aka kai shi wajen ƙafa 1,150, nesa da 900 ɗin da aka nema. Ita ma Model 58 a kan babban gangar jikin da ake ƙera .44 aka gina ta, nauyinta ya haura kilo ɗaya. Jami'in da ya saba da sassauƙar .38 aka miƙa masa bindiga mai nauyi a ƙugu, mai shuri a hannu, mai ƙara a kunne. Birane ƙalilan suka karɓe ta, fitattu a ciki San Faransisko da San Antoniyo, saura suka ce a kai kasuwa. A 1977 aka daina ƙera Model 58, bayan an yi kimanin guda 20,000 kacal, a ƙasar da 'yan sandanta suka kai dubban ɗaruruwa. A ganina wannan shawara ta cika albarushi ita ce babban kuskure a tarihin harsashin, domin ta rufe masa ƙofar da ita kaɗai za ta iya kai shi ga araha.

Dalilin da ya sa ƙofar 'yan sanda ta fi kowace muhimmanci shi ne yadda suke saye. Mafarauci kan yi shekara da kwali biyu ko uku. Rundunar 'yan sanda kuwa tana horar da kowane jami'i, tana sake jarraba shi, kuma tana ƙulla kwantiragi na shekaru da masana'anta. Irin wannan ciniki shi ke ba kamfani ƙarfin halin keɓe inji guda ga harsashi guda dare da rana, kuma rarar wannan aiki ce ke gangarowa kantar farar hula a farashi mai sauƙi. Haka .38 Special ya yi araha tsawon rabin ƙarni. Haka ma 9mm, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a Jamus a farkon ƙarni na 20, ya mamaye duniya: ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauke shi, 'yan sandan jihar Ilinoi suka koma gare shi tun 1967, sojan Amurka suka bi sahu a 1985 da bindigar Beretta, sannan rundunonin 'yan sanda suka yi ta ajiye libarba ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1980 da 1990. Yau ana ƙera 9mm a Cak da Burazil da Koriya ta Kudu da Sabiya da Italiya, duk suna gasa a kantar Amurka, gasar kuma tana danne farashi. Da wuya ka ga kamfanin wata ƙasa ya wahalar da kansa da .41 Magnum, domin a wajen Amurka kusan babu mai harba shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wannan kasuwa maganar ta tabbata dalla-dalla.

Da ƙofar hukuma ta rufe, saura ta farar hula, a nan ma harsashin ya tarar maƙwabtansa biyu sun riga shi shimfiɗa tabarma. Mai son bindigar tsaron gida mai sauƙin riƙo yana da .357, mai son mafi ƙarfi yana da .44. A 1971 kuma fim ɗin Dirty Harry ya fito, inda Clint Eastwood ya fito a matsayin ɗan sandan San Faransisko riƙe da Model 29 mai .44 Magnum, sai jama'a suka yi wa wannan bindiga caa har ta yi wuyar samu a shaguna na tsawon lokaci. Babu wani fim da ya yi wa .41 irin wannan gata. Amma akwai raunin da ya fi rashin fim tsanani, wanda ba a cika lura da shi ba. Libarbar .357 tana harba .38 Special, don kaurinsu ɗaya, kwanson ne kawai ya fi gajarta, haka libarbar .44 Magnum tana harba .44 Special. Ke nan kowannensu ya zo duniya ya tarar da ɗan'uwa mai sauƙin shuri da ya riga shi kafuwa, kuma a wajen .357 ɗan'uwan nan yana cikin mafi araha a kasuwa. Mutum zai yi atisaye da mai arha, ya ajiye mai tsada don ranar farauta. Shi .41 Magnum ba shi da kowa. Akwai abin da masu haɗa harsashi a gida ke kira .41 Special, amma manyan masana'antu ba su taɓa mai da shi hajar yau da kullum ba. Duk harbin da mai .41 zai yi, ko gwangwani yake harbi a bayan gona, da harsashi mai tsada zai yi shi.

Yadda ƙarancin masu saye ke rikiɗewa ya zama tsada, sai an leƙa cikin masana'anta. Injin da ke jan tagulla ya mai da ita kwanso, da wanda ke matse ƙwaya, da wanda ke ɗura albarushi ya rufe, kowanne yana da kayan aiki da aka yanka daidai awon harsashi guda. Sauya layi daga wani awo zuwa wani na bukatar tsayar da inji, kwance kayan aiki, ɗaura wasu, daidaitawa, sannan gwajin matsin wuta don tabbatar da bai wuce ƙa'idar da ƙungiyar SAAMI ta gindaya ba, ƙungiyar da ke tsara awon makamai da harsasai a Amurka tun 1926. Kuɗin wannan sauyi kusan ɗaya ne ko harsashi dubu ɗari za a yi ko miliyan goma, don haka idan adadin ya yi kaɗan sai kason kowane harsashi ya yi nauyi. Ga kuma asarar 9mm ɗin da injin zai fitar a sa'o'in da ya tsaya. Shi ya sa ake yin irin su .41 lokaci-lokaci, a buga na shekara gaba ɗaya a zama guda, in ya ƙare a rumbun dillali sai a jira wani zagayen. Dillali ma yana lissafin kuɗinsa da zai kwanta, mai shago yana lissafin filin kanta, kowa ya ɗora nasa, sannan ga harajin kashi 11 cikin ɗari da gwamnatin tarayya ke karɓa a kan harsashi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar zuwa kula da namun daji, kuma da yake kaso ne, yana ƙaruwa da ƙaruwar farashi. Duk wanda ya taɓa neman kayan gyaran wata baƙuwar mota a Ƙofar Ruwa, alhali na Toyota na zube a kowace rumfa, ya san wannan lissafi. Daga nan sai abin ya zama zagaye: tsada ta hana sababbin mutane sayen bindigar, rashin sababbin mutane ya sa tsadar ta zauna daram.

A lokacin yalwa wannan tsada ce kawai. A lokacin firgici kuwa sai ta koma rashi gaba ɗaya. Amurka ta ga irin haka sau uku cikin 'yan shekaru: bayan zaɓen Barack Obama a 2008, bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook a Disamba 2012 lokacin da aka yi zaton za a tsaurara doka, sannan a 2020 da annobar korona da zanga-zanga da zaɓe suka haɗu. A wannan shekara ta 2020 hukumar FBI ta gudanar da binciken cancantar mallakar bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba, ƙungiyar masu masana'antar makamai ta NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 8 ne suka sayi bindiga a karon farko. A daidai wannan lokaci kamfanin Remington, uban .41 Magnum, ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Akansas ta yi rauni ƙwarai kafin Vista Outdoor ya saye ta a kan kimanin dala miliyan 81 a ƙarshen shekarar. Shugaban masana'anta da ke da odar 9mm ta watanni a gabansa ba zai tsayar da inji don harsashin da mutum ƙalilan ke nema ba, kuma kowa ne a kujerarsa haka zai yi. Don haka harsasan da ba su da jama'a su ne na farko da ke ɓacewa, su ne kuma na ƙarshe da ke dawowa. Lokacin da 9mm ya koma kanta har farashinsa ya fara sauka, masu .41 na nan suna jira.

Masu zargin haɗama suna da abin kamawa, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Bayan cinikin 2020, manyan sunaye uku na harsashi da ƙyastu, wato Federal da CCI da Remington, sun koma ƙarƙashin mai gida ɗaya, ga Winchester a hannun kamfanin Olin, wanda a shekarar ya karɓi ragamar masana'antar harsashin soja ta Lake City a jihar Mizuri. A 2024 kuma aka sayar da sashen harsashi na Vista ga kamfanin Czechoslovak Group. Kasuwar da ta taru a hannaye ƙalilan haka abin damuwa ce, kuma an ƙara farashi sau da dama a shekarun ƙarancin. Zargin ya yi ƙamari har shugaban Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a faifan bidiyo a Disamba 2020 yana musanta cewa suna ɓoye kaya. Amma haɗama ba ta bayyana abin da muke tambaya. Kamfanin da ke sayar da .41 da tsada shi ne dai ke sayar da 9mm da araha, kuma babu dalilin da zai sa haɗamarsa ta farka a kan kwali guda ta yi barci a kan na kusa da shi. Da a ce akwai ƙazamar riba a .41, da kamfanonin waje sun yi rububinsa kamar yadda suke yi wa 9mm. Waɗanda suka shigo su ne ƙananan masana'antu irin su Buffalo Bore da Underwood, kuma nasu ba ya fin na manyan araha, sau da yawa ma ya fi tsada. Wannan shaida ce cewa tsadar daga kuɗin yin abu kaɗan-kaɗan take fitowa. Tsadar .41 kuma ta riga haɗewar kamfanonin da shekaru masu yawa.

Wasu kuma kan ce kasuwa alƙali ce mai adalci, da harsashin na da amfani da ya yi jama'a. Wannan ce maganar da na fi ƙin yarda da ita, domin tana ɗaukar nasara a matsayin shaidar nagarta. Mafarautan da suka yi aiki da .41 sun daɗe suna shaidar cewa a kan barewa da aladen daji da baƙar dabbar beya, abin da yake yi bai bambanta da na .44 ba ta yadda dabbar za ta gane, alhali shurinsa ya fi sauƙi kuma ƙwayarsa tana tafiya a miƙe. Masu gasar harbin siffofin dabbobi na ƙarfe daga nesa, wadda ta yi tashe a shekarun 1970, su ma sun yaba shi. Kamfanin Ruger ya sa shi a libarbarsa ta Blackhawk tun 1965, Marlin da Henry kuma sun yi dogayen bindigogi masu cin sa. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce fifikonsa a kan maƙwabtansa kaɗan ne. Wanda ke da .44 a gida ba zai sayar ya sayi .41 don ɗan sauƙin shuri ba. Sabon abu da ya tarar da kafaffen abu ba ya tsira da ɗan fifiko, sai fifikon ya kai ya biya wa mai saye wahalar barin jama'a. Amma wannan hukunci ne a kan lokacin zuwansa da yadda aka gabatar da shi. Da .41 ne ya fito a 1955, .44 ya biyo baya a 1964, babu wani abu a cikin ƙarfe ko albarushi da zai hana labarin juyewa.

Amsar da masoyan .41 suka fi bayarwa ita ce a koyi haɗa harsashi a gida, abin da doka ta yarda da shi a Amurka kuma dubban mutane ke yi. Kwanson tagulla shi ne mafi tsada a cikin kayan huɗu, kuma ana iya sake cika shi sau da dama. Libarba ma tana da alfanun da ba ta watsar da kwanso a ƙasa, yana nan cikin ganga har mai ita ya zazzage shi a tafin hannu. Kamfanin Starline na jihar Mizuri yana ƙera kwanson .41, Hornady da wasunsa suna yin ƙwaya. Da haka mutum zai rage kuɗi sosai, ya kuma haɗa sassauƙan harsashin nan da Keith ya roƙa tun farko. Babu shakka waɗannan mutane su suka riƙe .41 da rai. Sai dai maganin yana da iyaka ta fuska uku. Yana bukatar jarin kayan aiki da lokaci da natsuwa, domin kuskuren awon albarushi na iya fasa bindiga a hannun mai ita, kuma ba kowa ke da wannan hali ba. Ba ya kuɓutar da mutum daga masana'anta, domin ƙyastu ba a yin ta a gida, kuma a 2020 da 2021 ita ce ta fi komai ɓacewa, tunda kamfanonin da ke yin ta sun karkatar da ita zuwa nasu harsasan. Na ukun ya fi zurfi: duk wanda ya koma haɗawa a gida ya fita daga layin masu sayen kwali, sai alƙaluman ciniki su nuna wa kamfani cewa masu .41 sun ƙara raguwa, alhali suna nan suna harbi. Abin da ya ceci mutum ɗaya yana ƙara tsananta wa wanda ya rage a bakin kanta.

Za a iya cewa duk wannan damuwar masu abin sha'awa ce, wanda ya ga ba zai iya ba ya sayi wata bindigar. Ina ganin abin ya wuce haka. Farauta da bindigar hannu tana cikin mafi wuyar harbi, kuma ƙwarewa a cikinta ba ta samuwa sai da yawan atisaye. Mutumin da ke jin zafin kuɗin kowane harsashi zai rage atisaye, wanda ya rage atisaye kuma shi ne ke harbin barewa a ciki maimakon ƙirji, ta gudu ta mutu cikin azaba a daji. Tsadar harsashi tana da wanda ke biyan ta da jini. Akwai kuma haƙƙin mai saye. Libarba mai kyau tana shekara hamsin tana aiki, ana gadon ta daga uba zuwa ɗa, kuma ba ta da amfani ko kaɗan in babu abin ɗura mata. Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon awo ya tallata shi, ya karɓi kuɗin mutane, ya ɗauki wani alkawari ko da bai rubuta shi ba. Ba na cewa ya yi ta ƙera kaya a kan asara har abada. Amma sanar da jama'a lokacin da za a buga zagaye na gaba, da barin kwanso da ƙwaya su ci gaba da samuwa, da faɗa wa mai sayen bindiga gaskiyar abin da zai tarar a kanta, duk abubuwa ne masu sauƙi da ba a cika yi ba.

Masu kyakkyawan fata kan kawo misalin harsasan da suka farfaɗo bayan an fitar da rai. Gaskiya ne .45 Colt na 1873 ya dawo da ƙarfi lokacin da wasan harbi irin na kaboyi ya bazu daga shekarun 1980, sannan libarbar Judge ta kamfanin Taurus ta ƙara masa masu saye. Haka 10mm Auto, wanda FBI ta ɗauka bayan musayar wutar Mayami ta 1986 sannan ta sake shi saboda irin ƙorafin shuri da nauyi da aka yi wa .41, ya sake tashi a shekarun 2010 a hannun masu shiga dajin da ke da beya. Amma kowannensu ya dawo ne don wata sabuwar jama'a ta same shi, kuma dawowar 10mm ta ƙara ƙuntata wa .41, domin aikinsu ya yi kusa, ga shi bindigar Glock mai 10mm tana ɗaukar harsashi 15 inda libarba ke ɗaukar 6. Kamfanoni ma da alama sun koyi wani abu: da Federal da Ruger suka fitar da .327 Federal Magnum wajen 2008, libarbarsa tana cin tsofaffin harsasan .32 masu sauƙi, duk da haka bai tsira daga irin wannan ƙarancin ba. Hanya guda da nake hango wa .41 ita ce wadda aka bari a 1964, wato wani babban kamfani ya buga sassauƙan harsashi na atisaye, mai ƙwayar dalma da gudun ƙafa 900, a kwali mai 50, ya kuma jure ya riƙa buga shi shekara bayan shekara har masu tsofaffin Model 57 da Blackhawk su fito da su daga akwati. Hakan na bukatar a kashe kuɗi kafin a ga masu saye, a kasuwar da libarba kanta ta zama 'yar tsiraru, kuma injin da za a tsayar don yin sa shi ne wanda ke buga 9mm.